Zangarniyar Tebur na Tara

Duk wanda ya yi sakandare a Sabon Birni a shekarun nan na fari, in ka ce masa Kalilu sai ya yi shiru yana laluben kansa, amma ka ce Baba Mai Kwaɗi, nan take za ka ga baki har kunne. Shi ne mai kula da ɗakin gwaji na makarantar. A takarda aikinsa wanke kwalabe ne, da shara, da riƙon mabuɗi. Wanda ya rubuta takardar nan, wallahi bai taɓa shiga tabki da tsakar rana yana neman kwaɗi ashirin masu girma ɗaya don ajin Bayoloji na jibi ba.

Mutumin Unguwar Lalle ne, ɗan manoma jikan manoma, kuma da an bar shi da son ransa, da aji huɗun da ya yi na firamare shi ne iyakarsa da boko. Farin saba'in da uku ne ya kore shi daga gona. Sau uku ya yi shuka a shekarar, sau uku tana fitowa tana ƙonewa. Sai ya bar wa wansa Wada gonar gado, ya ɗauki matarsa Binta da jaririyarsu ya shigo gari neman abin sa wa a baka. Ya samu leburanci a wurin da ake ƙara ginin azuzuwa. Ran nan suna cikin kwaɓa ƙasa sai ga wani malami ya fito da yara, yana riƙe da ganye, ya juya shi, ya duba littafi, ya sake juya shi. Kalilu ya kasa haƙuri. Daga inda yake tsaye, laka har gwiwa, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yaɗiya ta. Karya ta ka gani, ruwa za shi fito."

Malamin nan shi ne Malam Sodangi, sabon malamin Bayoloji, haifaffen birni, wanda ya haddace sunayen tsirrai da Latinanci amma in an haɗa shi da su a fili sai a tsaya kallon-kallo. Ya karya ganyen, ruwa ya fito. Sai ya kira Kalilu ya zaga da shi bayan makaranta yana nuni da yatsa. Wannan fa? Tumfafiya. Wannan? Rai-ɗore. Wancan? Anza, kuma kada a bar yaro ya ci 'ya'yanta sai sun sha jiƙo na kwana da kwanaki. Kafin wata ya mutu an miƙa wa Kalilu mabuɗin ɗakin gwaji da wata farar riga mai maɓallai, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa har ranar da ya bar aiki.

Daga nan rayuwa ta zauna masa. Ba arziki ya yi ba, kada wani ya ɗauka haka, amma Binta ba ta sake kwana ba ta ɗora tukunya ba. Suna da ɗaki biyu a bayan makaranta, da akuya, da 'yan kaji, da keke wanda birkinsa sai an haɗa da diddige. Ran Litinin Malam Sodangi zai ba shi 'yar takarda: fara goma, tana, ƙadangare biyu, furen kaza, saiwar kaza. Sai ya rataya jaka ya hau keke ya nufi fadama yana 'yar waƙarsa ta noma. Mutum ne mai son aikinsa har ba ya iya ɓoyewa. In ya jera kaya a kan tebur yakan ja da baya ya tsaya yana kallonsu, kai ka ce tuwon salla aka ajiye masa.

A tamanin da huɗu fari ya dawo da ƙarfinsa. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama fidda kai ba, gulbi ya koma yashi, tabkuna suka tsattsage. A cikin wannan hali manhaja ta kai ga darasin kifi. Malam Sodangi ya ce a bar shi kawai, yara su dubi hoto a littafi. Kalilu ya ji kamar an zage shi. Ya saɓi fartanya ya tafi busasshen tabki, ya yi ta bin tsagar laka yana ƙwanƙwasawa yana saurare, har ya tono kifin nan gaiwa a inda ta binne kanta tana jiran damina. Ya kawo ta cikin dunƙulen laka, aka sa a baho aka zuba ruwa. Da ta motsa, rabin aji suka yi waje da ihu, har da masu gemun da ke cewa su maza ne.

Yaro ɗaya ne bai gudu ba, sai ma ya durƙusa ya sa fuska dab da bahon. Shi ne Amiru, ɗan aji biyar, ɗan manoman Kamarawa da aka kawo makarantar kwana. Yaro ne shiru-shiru, dogo, mai kai kamar me. Malam Sodangi ya ce tun da ya fara koyarwa bai ga irinsa ba. Kalilu kuwa ba ya yabonsa a gabansa, amma son da yake yi masa kowa ya sani, don duk makarantar shi kaɗai yake bari ya taɓa madubin likita ba ya tsaye a kansa.

To, a kan Amiru aka ɗora buri. Kowace kaka akan yi gasar Bayoloji tsakanin sakandare biyar na yankin, kowace ta kawo ɗalibai takwas, wanda ya zo na ɗaya ya tafi wa makarantarsu da kofi. Shekara uku a jere kofin nan yana tafiya garin Isa. Mutanen Isa kuwa ba su iya cin nasara su yi shiru ba. In malamansu sun zo kasuwar Sabon Birni sai sun tsaya sun tambaya, da fuskar tausayi, ko ana so su kawo kofin a ɗan gan shi. Bana gasar a makarantar su Kalilu za a yi ta, a ɗakinsa, a kan teburansa, kuma ga Amiru. Abin da Kalilu yake roƙon Allah a shekarar, bayan ruwan sama, shi ne ya ga kofin nan a hannun yaron.

Gasar kashi biyu ce. Da safe a yi rubutu a aji. Da hantsi a shiga ɗakin gwaji, inda aka jera tebur goma sha biyu, kowanne da abu ɗaya a kan farin faranti da tambayoyi a gefe. Minti biyu, a busa usur, a matsa gaba. Ka'idar kuwa ita ce, jerin abubuwan da za a ɗora yakan zo daga Sakkwato cikin ambulan a manne, kwana uku kafin ranar, a damƙa shi hannun mai kula da ɗakin gwaji shi kaɗai. Malamin Bayoloji ba ya gani, tunda yana da yara a ciki. Kwana ukun nan Malam Sodangi ko ta bayan tagar ɗakin ba ya bi, in sun haɗu da Kalilu a masallaci sai gaisuwa kawai.

Kalilu ya buɗe ambulan ya bi jerin da yatsa. Kunama, akwai. Ƙashin bayan akuya, sai wajen mahauta. Ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, a jikin saiwar dawa, wannan zai ba da wahala. Kwaɗo mai rai a irin wannan shekara, sai an shiga tsohuwar rijiya. Da ya zo kan na tara sai ya yi dariya: zangarniyar gero guda ɗaya. A ƙasar Gobir a ce a nemo gero! Ya bar ta sai ƙarshe. Kwana biyu ya yi yana fama da rijiya da gonakin dawa, ya dawo da ƙaya a ƙafa. Da safiyar gasar, yana sauri, ya shiga ɗan rumbunsu inda Binta ta ajiye damin da Wada ya aiko musu daga Unguwar Lalle. Hatsin bana abin tausayi ne, zangarniyoyi sirara gajeru, mafi yawansu ba ido. Ya laluba ya zaro wadda ta fi cika, ya jefa a jaka. Babban alƙalin gasar, Malam Atiku, wanda ya zo daga Sakkwato da takardar amsoshi a aljihu, ya zaga teburan yana dubawa yana sa alama, ya wuce na tara bai ko rage tafiya ba.

Aka busa usur. Kalilu ya tsaya jikin bango cikin farar rigarsa, aikinsa ya ga kada kwaɗo ya tsere, kada kunama ta sami kowa. Amma idonsa yana kan Amiru. Yaron yana tafiya daga tebur zuwa tebur ba gargada, alƙalami yana gudu. A na tara ne kawai ya ɗan daɗe yana kallo kafin ya rubuta. Can baya kuma sai ga wata 'yar gajeruwar yarinya daga makarantar 'yan mata ta Isa, ɗankwali ɗaure tamau. Ta ɗauki zangarniyar, ba ta ko taɓa madubin hannu da aka ajiye ba. Ta goga babban yatsa a jikinta, ta dubi tafin hannunta, ta ɗago ta dubi Kalilu, sannan ta duƙa ta yi ta rubutu har aka busa usur tana yi. Ya ce a ransa, Allah sarki, wannan gero ma ya rikita ta.

Da aka sallami yara, alƙalai uku suka zauna a teburin malami a ƙarshen ɗakin suna ba da maki. Takardun ba suna a jiki, lamba ce kawai. Kalilu yana gefe yana kwashe kaya, ba wanda ya damu da shi, don mai farar riga irin tasa in manya suna aiki da shi da kujera duk ɗaya ne. Yana cikin haka sai ya ji Malam Atiku ya fashe da dariya.

"Ku ji lamba goma sha bakwai a tebur na tara. Wai ba gero na ba. Wai ciyawa ta mai kama da gero, sunanta shibra, ba a shuka ta, kuma 'ya'yanta da kansu suka zuba."

Ɗaya alƙalin ya ce, "Yunwar bana ta sa yaran ga sun manta kamannin gero." Suka yi dariya, aka ba lamba goma sha bakwai sifiri cikin maki uku, aka ɗauki ta gaba.

A daidai lokacin farantin tebur na tara yana hannun Kalilu. Ya sunkuya ya duba. Ƙasan farantin duk tsaba ce, ƙanana, kowace da ɗan gashinta, sun zube daga zangarniyar saboda hannu arba'in da suka juya ta. Ai gero ba ya haka. Gero sai an sa shi a turmi an sussuka kafin ya saki 'ya'yansa. Mai zubar da 'ya'ya da kanta ita ce shibra, wadda take fitowa cikin gona ba a gayyace ta ba, ta yi kama da gero sak tun tana ƙarama, ta riga shi nuna, ta watsar da tsabarta ƙasa don baɗi. A shekarar albarka manomi tumɓuke ta yake yi ya yar. Amma bana da ruwa ya ɗauke da wuri, ita da ta yi sammako ita ce ta yi ido, geron gaske ya tsaya a bushe. Shi kuwa ya sa hannu a dami ya zaɓi wadda ta fi cika. Shi Kalilu, ɗan Unguwar Lalle, wanda aka yaye shi da kunun gero! Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi.

Ya ajiye farantin a gefe. Alƙalai suka gama, suka haɗa maki, suka buɗe takardar sunaye, Malam Atiku ya tashi ya rubuta a allo. Na ɗaya Amiru, saba'in da ɗaya. Ta biyu Safiyatu Illo, 'yar garin Turba, daga makarantar 'yan mata ta Isa, sittin da tara. Kusa da sunanta ga lamba goma sha bakwai. Aka buɗe ƙofa, Malam Sodangi ya shigo, ya dubi allo, ya kama hannun Kalilu da hannu biyu yana girgizawa. "Baba Kalilu, kofi ya zo gida! Bayan la'asar za a ba da shi."

Ga taga a buɗe, ga kajin Binta suna kiwo a ƙarƙashinta. Juya farantin kawai Kalilu zai yi, kafin a ƙirga goma sun tsince komai. Ba wanda ya gani, ba wanda zai tambaya, kuma yarinyar ma ta biyu ta zo, ba wulaƙanta ta yi ba. Ya daɗe tsaye da faranti a hannu. Daga baya ya kifa wani farantin a kansa, ya sa a kabad ya kulle, ya tafi gida.

Binta ta kawo masa tuwo. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya ajiye.

"Binta, damin ga da Wada ya aiko, akwai shibra ciki?"

Ta dube shi ta kwashe da dariya. "Malam, rabi da rabi! Bana wa za shi yar da shibra? Ita muka ci yau sati biyu, bakinka bai gaya ma ba?"

Ya kwashe labari ya gaya mata, tun daga ambulan har allo. Ta bar dariya, ta zauna a kan turmi. Ya jira ta ce wani abu, ko ta ce ya yi shiru, ko ta ce ya je ya faɗa. Sai kawai ta jawo kwanon ta rufe, ta ce, "Za ni aje ma shi. Ka san abin da za ka yi, shi ya sa ka kasa ci."

Wurin Malam Sodangi ya fara zuwa, don ba ya son mutumin da ya fitar da shi daga laka ya ji maganar a bakin wani. Ya same shi ya sake riga, har da turare. Da ya ji bayanin sai ya zauna a bakin gado.

"Haba Baba Kalilu! Yau? Shekara uku muna jira, sai yau?"

"Malam, ni nik kawo ta. Da kuskuren yarinyar na, da ban ce uffan ba."

"Ka tabbata?"

"Kamar yadda nis san sunana."

 Ran Malam Sodangi ya ɓaci ƙwarai, kuma bai ɓoye ba. Ya yi tsaki, ya sake yin wani, sannan ya jawo takalmansa ya ce, "Mu tafi. Ba za ni bari ka shiga gabansu kai kaɗai ba."

Malam Atiku bai ji daɗin maganar ba, kuma dole, tunda shi ya zaga ya sa alama da safe. Ya ce takardar amsoshi ta ce gero, abin da ke kan tebur gero ne, ko yaro ya gani ya san gero ne. Kalilu ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mani izini." Ya buɗe kabad ya fito da farantin, ya kuma zaro wata zangarniya daga aljihu, busasshiya siririya, geron gaske da ya ɗauko daga gida. Ya buga ta a kan tebur sau uku, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Ya ɗauki ta tebur na tara ya ɗan kaɗa ta da yatsa, tsaba ta watsu har kan takardar amsoshin. Alƙalin da ya yi barkwancin yunwa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a madubin hannu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye.

Daga nan gardama ta tashi, ta alƙalai masu son fita kunya. Ɗaya ya ce a soke tambayar gaba ɗaya, tunda abin da aka ɗora ba shi aka nema ba. Ɗaya ya ce a'a, a karɓi amsa biyun, don yaran da suka rubuta gero ba laifinsu ba ne. Malam Atiku, da ya huce, ya ce in gaskiya ake so, mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ke kan faranti, shi kaɗai ya cancanci makin. Suka yi ta yi har ladan ya kira la'asar. Malam Sodangi ne ya gaji ya ɗauki alli. In an soke, Amiru sittin da takwas, Safiyatu sittin da tara. In an karɓi duka biyu, shi saba'in da ɗaya, ita saba'in da biyu. In ita kaɗai aka ba, ba ma sai an lissafa ba. Ya ajiye allin ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ku zaɓi wadda kuka so, duk Isa suka nufa." Suka zaɓi karɓar amsa biyun, don kada a rage wa sauran yara komai.

Bayan salla aka taru a filin makaranta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Malam Atiku ya karɓi lasifika ya ce an sami ɗan gyara a sakamako, saboda kuskuren samfur da ma'aikacin ɗakin gwaji, Kalilu, ya yi a tebur na tara. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wa ya gano kuskuren, wa ya kai kansa gaban alƙalai, wa ya sa alama da safe bai duba ba, duk wannan lasifika ba ta ɗauka ba. Ni abin nan har yau yana ci mini rai. Shekara goma sha ɗaya mutum yana shiga rijiya da tabki, ranar da aka fara kiran sunansa a gaban taro sai don a ce ya yi kuskure. Shi kuwa yana tsaye can baya, hannu a aljihun farar riga, yana kallon Safiyatu ta fito, ta karɓi kofin da ya kusa rufe mata fuska. 'Yan makarantarsu suka yi ta guɗa. Ba ta san abin da ya faru a ɗakin gwaji ba, kuma ba wanda ya gaya mata. Motarsu ta tashi kafin rana ta faɗi.

Shugaban makaranta ya yi wata guda yana amsa gaisuwar Kalilu da hanci, daga baya ya gaji ya bari, don ba a yin darasin Bayoloji da fushi, sai da kwaɗi. Kalilu ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya ya koma Unguwar Lalle, ya karɓi rabin gonar gado daga hannun 'ya'yan Wada. In an tuna masa da maganar lasifika dariya yake yi, ya ce ai ba ƙarya mutumin ya yi ba. Bai taɓa nuna nadama ba, kuma ban taɓa jin ya yi taƙama da abin ba. Wanda ya dame shi a ranar mutum ɗaya ne, Amiru, wanda ya ga sunansa a saman allo da azahar, ya karɓi littafin da ake ba na biyu da la'asar.

Da taro ya watse Kalilu ya koma ɗakin gwaji wanke faranta. Yana cikin yi sai ya ji an jawo kujera a bayansa. Bai juya ba, ya san ko wane ne. Ya wanke faranti ɗaya, ya wanke na biyu, sannan ya yi ta maza ya ce, "Amiru, ka yi haƙuri. Ni niy yi ma ɓarna."

"Baba, ba don wannan niz zo ba."

Kalilu ya juya. Yaron yana riƙe da zangarniyar tebur na tara, yana murza ta a hankali, sauran tsabar tana zuba a cinyarsa. Idonsa ya yi ja, amma ba kuka yake ba.

"Tun da niɗ ɗauke ta nis san shibra ta. Gonarmu ita kaɗai tay yi bana. Da hannuna niy yanke ta lokacin hutu."

Kalilu ya saki soso a cikin ruwa. "To mi ya sa kar rubuta gero?"

"Na ce mutanen Sakkwato ba su aiko shibra gasa." Ya sunkuyar da kai. "Kuma na ce Baba yak kawo ta. In Baba ya kawo abu, shi na."

Kalilu ya nemi kujera ya zauna, hannunsa yana ɗigar ruwan sabulu. Maganar ta yi masa daɗi, ta kuma soke shi, duk a lokaci ɗaya, har ya rasa wanda zai fara ji. Ya dubi yaron.

"Ka ga ɗiyar Turba," ya ce, "ita ba ta san ni ba. Shi ya sa ta yarda da idonta."

Amiru ya ɗago kai. Sai wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, ya goge ido da bayan hannu. Kalilu ma ya yi dariya, ya miƙe ya ce masa ya tashi ya je ya ci abinci kafin a rufe kicin, shi kuma ya koma kan farantansa.